Garin Neman Gira Kada a Rasa Goshi

Kafin in shiga cikin maganata, ya kamata mai karatu ya san wadda take magana. Ni ba Bahaushiya ba ce ta haihuwa. Da harshen Eggon na fara buɗe baki, Hausa kuwa a unguwa da kasuwa na tsince ta a nan garin Lafiya, tun kafin in zo in zauna a aji ana koya mini nahawunta. Wannan ya sa nake da wata ɗabi'a da abokan karatuna ke yi mini dariya a kanta, wato duk kalmar da na ji sai na tsaya na tambayi asalinta, alhali su da suka sha ta a nono wucewa kawai suke yi. To bara wata kalma ta cuci ƙawata muna zaune muna kallo, ba wadda ta yi tambaya a cikinmu, har da ni mai yawan tambayar. Kalmar kuwa ita ce "baƙin lalle".

Ga yadda abin ya faru. A hutun ƙarshen zango aka yi bikin yayar wannan ƙawa tawa, muka shiga cikin ƙawayen amarya. Ranar ƙunshi mai lalle ta zo da kayanta, ta yi mana zanen fulawa a hannu da ƙafa, ja da baƙi. Da ta gama sai ta ce ai yanzu yayin da ake yi shi ne a rina gira, a kuma ɗiga ɗige-ɗige uku a tsakiyar goshi irin na matan finafinan Indiya. Ni tsoron mahaifiyata ya hana ni, ƙawata kuwa ta miƙa fuska. Ranar walima ta ƙara da ɗan dutse mai gam ta liƙa a kan ɗigon. Gaskiya ta yi kyau, kowa ya yaba.

Bayan kamar mako guda wurin ya fara ƙaiƙayi, ya yi ja, ya kumbura, sa'an nan ƙuraje masu ruwa suka feso suka bi zanen nan daidai, gira biyu da ɗigo uku, kamar an sake zana su da wuta. Goggonta ta dube ta ta ce, "Ke 'yar nan, baki ne. Kin yi kyau ranar bikin nan, mutane kuwa ba su iya cewa tubarkalla ba." Wata maƙwabciya ta kawo wani mai a 'yar kwalba da rubutun da ba wadda ta iya karantawa a cikinmu, ta ce maganin Indiya ne, na itatuwa zalla, tunda kwalliyar ta Indiya ce ai su suka san maganinta. Aka shafa, raɗaɗi ya ƙaru. Aka je kyamis, aka haɗo mata mayuka kala biyu. Sai da aka yi mako uku ana wannan fama kafin aka tafi asibiti. Tambaya ɗaya likita ya yi mata: da me aka yi zanen? Ta ce da lalle. Ya ce minti nawa ya ɗauka kafin ya kama? Ta ce bai kai rabin awa ba. Ya ce to ba lalle ba ne.

Yau ƙurajen sun warke, amma tabo mai duhu yana nan a goshinta, kullum sai ta jawo ɗankwali ta rufe shi. Abin da ya fi tabon nauyi shi ne, likita ya gaya mata har ƙarshen rayuwarta kada ta kuskura ta rina gashinta da baƙin rini, kuma duk asibitin da ta je ta faɗa musu abin da ya taɓa samunta.

Ra'ayina a nan shi ne, abin da ya fara cutar da ƙawata suna ne, abin da ya jinkirta warakarta ma suna ne. An kira guba da sunan lalle sai ta saki jiki, an kira abin da ba a sani ba da sunan maganin Indiya sai aka yarda da shi. Mu kuwa da muke nazarin harshe, gyaran suna aikinmu ne.

Bari mu fara da lallen kansa. Lalle ganye ne, kowa ya san bishiyarsa. A cikin ganyen akwai wani sinadari da ke kama fata a hankali, shi ya sa iyayenmu suke ƙunsa shi da leda ko zunguru su kwana da shi. In an cire sai a ga ruwan goro, bayan kwana ɗaya ko biyu ya nuna ya yi ja mai duhu. Kwaɓinsa kore ne, ƙamshinsa na ganye. Ba a cika samun wadda jikinta ya ƙi lalle na gaskiya ba, sai dai likitoci suna gargaɗin kada a sa wa jarirai, domin akwai yaran da aka haifa da wani rauni a jini wanda lalle kan sa ƙwayoyin jininsu su farfashe.

Shi kuwa abin da muke kira baƙin lalle ko dayis, akasarinsa rinin gashi ne. Abin da ke sa shi baƙi wuluk cikin ɗan lokaci wani sinadari ne da masana suke taƙaita sunansa da PPD. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a rinin gashi ba bayan an haɗa shi, kuma don gashi aka yarda da shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma ba ta amince a ɗora shi a kan fata kai tsaye ba. Amma wani bincike da aka buga a 2010 kan baƙin lallen da ake amfani da shi a shagunan kwalliya na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya samu wanda sinadarin ya kai kusan kashi 30 a cikinsa. Tun a 2006 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan ciwon fata ta zaɓi PPD a matsayin sinadarin da ya fi cancanta a ja hankalin jama'a a kansa a shekarar.

Yadda yake aiki shi ne abin tsoron. Sojojin jiki ne suke ɗaukar sa a matsayin abokin gaba. A karon farko sukan ɗauki mako guda zuwa biyu kafin su tayar da bori, shi ya sa mutum ba ya danganta ƙurajen da kwalliyar da ya riga ya manta da ita, sai a ce baki ne ko sammu. Da zarar jiki ya gane shi kuwa, ba ya mantawa. Karo na biyu cikin kwana ɗaya zuwa uku abin zai tashi, kuma ya fi na farko muni. Wata za ta ce ai ta shekara biyar tana yi ba abin da ya same ta. Haka ne, ba kowa yake kamawa ba, amma kowane zane ƙara kusantar ranar yake yi, kuma ba wadda ta san tata ranar.

Na san wani zai ce ai tun zamanin kakanni ana yin baƙin ƙunshi. Gaskiya ne, ana haɗa gishirin lalle da toka a ɗora a kan ƙunshin da ya riga ya kama don ya yi duhu. Amma a lura da abu biyu. Na farko, lallen ne dai a ƙasa, duhu aka ƙara masa. Na biyu, a tafin hannu da tafin ƙafa ake yin sa, inda fata take da kauri. Fuska kuwa da nata kayan, wato kwalli a ido da katambiri, ɗan itacen nan da ake zana ɗige-ɗige da ruwansa a goshi da kumatu. Kakanninmu sun raba kayan fuska da kayan ƙafa, mu ne muka haɗe su da kalma ɗaya.

To ina ɗigon goshi ya samo asali? Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa finafinan Indiya sun daɗe da zama 'yan gida a Arewa, tun wajen shekarun 1960 da ake nuna su a gidajen silima na Kano da sauran birane, har suka yi tasiri a finafinan Hausa. Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan haka. Ɗigon da muke gani a goshin jarumansu sunansa bindi, kuma a wurinsu yana da ma'ana ta addini da ta aure. Jan garin da suke yin sa da shi, kumkum, asalinsa kurkum ne da ake haɗawa da farar ƙasa sai ya koma ja. Da kasuwa ta buɗe sai kamfanoni suka koma zuba rini na masana'anta, aka kuma ƙirƙiro na liƙawa mai gam. Likitocin fata na Indiya sun daɗe suna rubutu a kan sakamakon haka: matan da goshinsu ke ƙaiƙayi ya yi baƙi saboda rinin, da waɗanda wani sinadari da ke cikin gam ɗin ya kashe musu launin fata, wurin ya yi fari fat daidai girman ɗigon. A 2007 ma hukumar nan ta Amurka ta yi gargaɗi kan wani jan gari da matan auren Indiya ke sawa a tsagar gashi, saboda an samu dalma mai yawa a ciki. Ashe masu abin ma suna kuka da shi. Mun aro adon, ba mu aro labarin ciwonsa ba.

Wannan ya kawo mu ga 'yar kwalbar maƙwabciya. Maganin gargajiyar Indiya da ake kira Ayurbeda ba abin rainawa ba ne. Ilimi ne mai tsohon tarihi, yana da manyan littattafai irin su na Charaka da na Sushruta da aka rubuta da harshen Sanskirit kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Masu wannan ilimi suna ganin lafiyar jiki tana rataye ne a kan daidaiton abubuwa uku da suke kira bata da pitta da kafa, kuma ja da zafi da raɗaɗin fata suna danganta su da rinjayen pitta, wato ɓangaren zafi. Saboda haka sukan ba da abubuwa masu sanyaya fata, kamar sandal da alobera da man kwakwa da ganyen dogon yaro da kurkum. Duk wanda ya san yadda Bahaushe yake raba cuta zuwa ta zafi da ta sanyi ba zai ji wannan baƙon tunani ba ne. Gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikata sukutum don irin waɗannan magunguna a 2014, kuma a 2022 aka aza harsashin cibiyar maganin gargajiya ta Hukumar Lafiya ta Duniya a garin Jamnagar da ke jihar Gujarat.

Amma girman ilimi daban, abin da ke cikin kwalba daban. A wani bincike da aka buga a 2004, wasu likitoci sun sayi magungunan Ayurbeda guda 70 a shagunan birnin Boston na Amurka suka auna, suka samu dalma ko zaiba ko wata guba mai suna arsenik a cikin 14, wato ɗaya cikin biyar. Daɗin daɗawa, kurkum da sandal ɗin kansu akwai mutanen da fatarsu ba ta karɓar su, balle a ɗora su a kan fatar da ta riga ta saɓule. Sa'an nan babu wani mai, na Indiya ne ko na Sin ko na Kano, da zai sa jiki ya manta da sinadarin da ya riga ya ƙulla gaba da shi. Iyakar abin da mai sanyaya fata zai yi shi ne ya rage raɗaɗi. Maganin farko shi ne a gane mai laifi a rabu da shi, kuma a kan wannan likitan asibiti da masanin Ayurbeda na gaskiya ba za su yi gardama ba.

Abin dariya ma, yawancin abin da ake sayar mana da tsada da sunan Indiya yana bayan ɗakinmu. Bishiyar da mu a Lafiya muke kira dogon yaro, Bakano ya ce darbejiya, wasu su ce bedi ko maina, asalinta daga yankin Indiya take, a zamanin Turawa aka kawo ta ƙasar nan, aka fara dasa ta a lardin Borno a 1928. Kurkum yana kasuwa wurin masu kayan yaji. Man kaɗanya kuwa namu ne, su ne ma ba su da shi. Me ya sa ganyen da ke zuba a tsakar gidanmu muna sharewa, in ya dawo cikin kwalba da rubutun da ba ma iya karantawa, sai mu ga ya fi daraja?

Kada kuma a ɗauka ina cewa duk abin da yake namu na gado lafiyayye ne. Kalmar "na gargajiya" ita ma tana iya rufe ido kamar kalmar "na Indiya". Ga kwalli nan. Kwallin dutse mai ƙyalli akasarinsa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu aka gano daga kwallin da ake sa masa ne, da aka auna kwallin kuwa sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sakamakon haƙar zinariya, bai kamata a yi mana dogon bayani kan illarta ga ƙwaƙwalwar yaro ba. Saboda haka ma'aunin ɗaya ne ga kowa: mene ne a ciki?

Ga 'yan'uwana mata, shawarata a taƙaice ita ce, duk lallen da ya yi baƙi cikin awa guda, ko kwaɓinsa yake baƙi tun a roba, ko yake warin rini, kada ya hau fatarki, balle gira da ke dab da ido. Kada ki ce bari ki gwada kaɗan a hannu ki gani, domin gwajin ma yana iya zama shi ne farkon gabar. In kuwa an riga an yi, wurin ya fara ƙaiƙayi, ki wanke da ruwa da sabulu marar ƙamshi, ki ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, kada ki sosa, kada ki fasa ƙurajen, kada ki shafa lemon tsami ko man goge baki ko haɗin da ba ki san kansa ba. Ki je asibiti da wuri, ki tafi da ragowar abin da aka yi zanen da shi in da hali. In fuska ko leɓe suka kumbura, ko numfashi ya fara wuya, wannan ba ya jiran wayewar gari. Man kaɗanya mai kyau yana da amfani bayan fata ta rufe. Duk maganin itatuwa na kwalba kuma a duba lambar hukumar NAFDAC a jikinsa, tare da sanin cewa lambar ba shaida ba ce ta cewa yana warkar da duk abin da aka lissafa a takardarsa.

Akwai wadda ta ce da ni, "Ke yanzu so kike ki kashe wa masu lalle kasuwa?" Wannan tambaya ce mai nauyi, domin na san mata da yawa a Tudun Gwandara da Bukan Sidi da Shabu waɗanda da wannan sana'a suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, har a cikinmu ɗalibai akwai masu yi. Amma a duba da kyau, wa ya fi mai lalle shiga haɗari? Ita ce hannunta yake cikin dayis daga safe zuwa dare a lokacin bukukuwan Salla da na aure. Yawancinsu ba mugunta suke yi ba, su ma da sunan lalle aka sayar musu. Kuma mu masu zuwa mu ne muke matsa musu, muna son baƙi, muna son sauri, muna son araha, alhali Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ranar da amare suka fara cewa jan lalle zalla suke so, ko da zai ɗauki dare guda, ranar masu lalle za su canza, kuma kasuwarsu ba za ta mutu ba.

Saura mu ɗaliban Hausa. In akwai abin da ya kamata mu koya daga Indiya, to shi ne yadda suka rubuta iliminsu suka adana, har yau ana iya buɗe shi a auna a ga na ɗauka da na zubarwa. Mu ma ba daga sifili za mu fara ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani. Wani likita Bature mai suna Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya daɗe yana nazarin magungunan Hausawa. Amma da na tambayi 'yan ajinmu goma ko sun san katambiri, biyu kawai suka taɓa jin kalmar. Ga mu a jihar da Eggon da Alago da Mada da Gwandara da Migili da Barebari suke zaune tare, kowace ƙabila da nata kayan ado da sunayensu, kuma tsofaffin da suka san su suna ta tafiya. Maimakon kowace shekara mu yi ta maimaita batu ɗaya a kundin kammala digiri, me zai hana wasunmu su zauna da waɗannan tsofaffi da 'yan koli da masu lalle su rubuta sunan kowane abu, da abin da ake yin sa da shi, da inda ake sa shi a jiki? Me zai hana ƙungiyarmu ta nemi fili a gidan rediyon jiha ko a Precious FM gab da Salla, mu yi wannan bayani da Hausar da goggon ƙawata za ta gane?

Kafin nan kuwa akwai abin da ba ya bukatar kuɗi ko izinin kowa. Mu daina cewa baƙin lalle. Mu ce rinin gashi, domin shi ne sunansa. Yarinyar da aka ce da ita "kawo goshinki in sa miki lalle" za ta miƙa, amma wadda aka ce da ita "kawo goshinki in sa miki rinin gashi" za ta tsaya ta yi tunani. Hausawa sun ce suna linzami ne.

Na nemi izinin ƙawata kafin in rubuta wannan, ta ce in rubuta amma kada in faɗi sunanta. Ta kuma ce in gaya muku ƙanwarta za ta yi aure bayan Babbar Salla, kuma ta riga ta sayi garin lalle mudu guda, ita da kanta za ta tankaɗe ta kwaɓa. Ra'ayi riga ne, kowa da irin tasa, wannan dai ita ce tawa. Wanda yake da ja, filin mujallar nan a buɗe yake. Allah Ya sa mu gyara.